Shelar da Rabo Ya Yi Kafin Salla

Tungar Mato, ta Tajaye
6 ga Disamba, 1970

Zuwa ga mijina Saminu, wanda ya tsere Dakar ya bar tuwonsa yana sanyi.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya kai da littattafanka. Mun yi salla lahiya. Ni dai gwiwar hagu ce ke kai ƙarata kullum, ta dama tana ba ta haƙuri. Uwarka Zalika ta zo daga Konni ta yi mana kwana biyu, ta ce ka rame. Na ce mata mai cin kifin teku ba man shanu dole ya rame. Da kakarka, yayata, tana da rai, da ita ce za ta ja maka kunne. Allah ya jiƙanta. Yanzu ni na gaji kunnen, kuma na fi ta abu guda, don ni na yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san gangar shela a gidanmu take tun kakan babanmu. Baba ya kaɗa ta shekara arba'in, ƙanena Rabo ya gada. Kai ɗan birni ne, a kasuwa ka san gero, bari in tuna maka aikinta. In kaka ta ƙare, mai gari ya ga kowa ya kwashe amfaninsa, sai ya sa rana, mai shela ya zagaya da ganga ya ce an saki gonaki. Daga ranar shanu su shiga ko'ina, su ci kara da harawa, su bar mana taki. Abin da sunka tarar a gona rabonsu ne, ba a kai ƙarar makiyayi. Kafin ganga ɓarna ce, bayan ganga kiwo ne.

Bana mai gari yana kwance asibitin Galmi da ciwon ƙafa, ya bar ma wakilinsa Takama gari. Ranar da anka sa tun farko kwana uku ce bayan salla. Ashirin ga azumi Takama ya kira Rabo ya ce a saki yau. Rabo ya rataya ganga ya zagaya. Washegari shanu sunka sauka fadamar gabas, inda wake tsinka na biyu bai tashi ba, dawa kuma tana tsibe ba a ɗaure ba. Gida tara sunka yi asara. Alkasum ya fi kowa, don waken nan shi ne abincin gidansa har bazara. Fulani ba su da laifi, ganga sunka ji. Ardonsu ma ya zo jaje.

Yanzu Takama ya ce shi bai aiki kowa ba, wai tsufa ne ya kama Rabo ya rikita kwanaki. Takaman da gonarsa ke a share tun farkon azumi, shanunsa kuma suna cikin garken da ya fara shiga.

Alkasum ya kai ƙara gaban alƙali a Illela. An sa Alhamis ta bayan Layya. Mai gari ya aiko daga kan gadonsa cewa in alƙali ya kama Rabo da laifi, komi ƙanƙantarsa, shela ta bar gidanmu.

Uwarka ta ce kana rubuta wani dogon abu a kan kotunan duniya masu yi ma manyan masu laifin yaƙi shari'a, da yadda alƙali ke aron hukuncin wani alƙali. Ni aron turmi na sani da aron zane ranar biki, ban taɓa jin aron shari'a ba. To in ana yi, aro mana. Akwai inda alƙali a duniyar nan ya saki mutum don aikensa anka yi? Ka ba ni amsa gajera, kada ka yi mani lakwal kamar ina ajin makaranta.

Matarka da ka ƙi ciyarwa,
Tsahara

Dakar
21 ga Disamba, 1970

Zuwa ga uwargidana Kaka Tsahara.

Na sami takardarki, na miƙe haruffa huɗu, sauran sun tsaya da ƙafarsu. Ina lafiya. Ban rame ba, wando ne ya yi girma. Allah ya ba gwiwa haƙuri. Ki gaishe mini da Kaka Rabo, labarinsa ya tsaya mini a rai.

Kin ce kada in yi miki lakwal, amma sai kin zauna kaɗan a benci.

Da aka gama babban yaƙin duniya na biyu, ƙasashe huɗu suka haɗa alƙalansu a wani garin Jamus mai suna Nurambag don a yi wa shugabannin da suka jawo ta'asar shari'a. Ba a taɓa zama irin wannan ba, don haka ba su da tsofaffin hukunce-hukunce nasu da za su duba. Sai suka leƙa gidajen maƙwabta. Da aka ce musu ƙasa ce ke yin yaƙi, ba a kama mutum ɗaya da laifinsa, suka kawo hukuncin babbar kotun Amurka cikin hujjojinsu, don su nuna an daɗe ana kama mutum shi kaɗai in ya keta dokar yaƙi. Bayan shekara biyu wata kotu irinta a Tokiyo ta yanke nata hukuncin. Da aka kawo mata irin waɗancan tambayoyi, ta ce ta yarda da abin da Nurambag ta faɗa, ba za ta sake shi da wasu kalmomi ba don kada a sami abin gardama.

Abin lura shi ne babu wadda ta tilasta wa wata. Kotun Amurka ba uwar Nurambag ba ce, Nurambag ba uwar Tokiyo ba ce. Alƙali yana duba hukuncin waje kamar yadda kike leƙa miyar maƙwabciya, in ta yi daɗi ki tambayi abin da ta sa. Aikin da malamina ya ba ni ke nan: wace kotu ta ari me, daga wa, kuma don me.

Amsar tambayarki, i, an taɓa yi. A 1921 babbar kotun Jamus a garin Laifzig ta yi shari'ar wani kyaftin na jirgin yaƙi mai nutso a ƙarƙashin ruwa. A yaƙin duniya na farko ya nutsar da jirgin Ingila mai ɗaukar marasa lafiya. Bai yi musu ba. Ya ce umarni ne daga manyansa, kuma kotu ta sake shi. Dalilinta, manyan sun shaida masa cewa abokan gaba suna fakewa da irin jiragen nan suna aikin yaƙi, shi kuma ya gaskata umarnin yana kan ƙa'ida.

Akwai sauran bayani, amma jarrabawa ta tsaya mini a wuya har makon gobe. Kada ki yi komai da wannan tukuna. Ki fara gaya mini abin da Kaka Rabo ya gani da abin da ya faɗa a ranar, daki-daki.

Mijinki mai neman abin cefane,
Saminu

Tungar Mato
8 ga Janairu, 1971

Zuwa ga Saminu, wanda yau na yafe mashi sadakin da bai ƙarasa ba.

Gaisuwa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Muna lahiya, sai sanyi da tarin yara. Rabo ya fara cin abinci, kuma takardarka ce ta buɗe mashi ciki.

Ashe karatunka na da amfani. Na karanta ma Rabo sau biyu, na karanta ma matan gidanmu, ranar Talata kuma na ba da labarin a bakin rijiya. Ba ni ɓoye maka, kafin guga ya fito na uku kyaftin ɗin ya zama tsoho mai 'ya'ya tara, jirgin kuma ya zama biyu. Labari in ba a sa mashi gishiri ba wa zai ci. Yanzu ko yaran gari sun san mutum ya nutsar da asibiti guda a teku anka ce tashi tahi gida, aikenka anka yi. Balle wake.

Ka ce kada in yi komai. Ban yi komai ba. Na dai je kasuwar Illela sayen kanwa, Allah ya haɗa ni da ɗaya daga dattawa biyu da ke zama gefen alƙali suna gaya mashi al'adar ƙasa. Mun yi wasan ƙasa da matarsa. Takardarka tana ƙulle a bakin zanena, ta kwance da kanta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in zo da ita ranar shari'a.

Ka tambayi abin da Rabo ya gani da abin da ya faɗa. Ai nan ne ƙarfinmu yake. Maganar ba a ɗaki anka yi ta ba, a gaban rumfar Badaru mahauci ce, yana fiɗa yana ji. Rabo ya ce, Wakili, da safen nan ta fadama na biyo, waken Alkasum na nan, dawar mutane na tsibe. Takama ya ce a saki. Rabo ya sake faɗa. Takama ya ce a saki. Na uku Rabo ya ce, Wakili, a jira ko kwana biyar. Takama ya ce, kai ganga anka ba ka, ba gari ba.

Badaru ya ji tsoro da farko, don Takama ne ke ba da wurin yanka. Na yi ta zarya rumfarsa har ya ce ya gaji da ganin fuskata, zai tsaya shaida. Ka ga ke nan an kama Takama da hannu cikin tukunya. Ga shaidar aike, ga hukuncin Jamus. Sai ka shirya zuwa da damina ka tarar da ganga a gidanmu.

Taka,
Tsahara

Dakar
20 ga Janairu, 1971

Kaka,

Ina lafiya, jarrabawa ta wuce. Yau ba wasa a takardar nan, ki karanta ta a zaune, ke da Kaka Rabo kaɗai.

Laifina ne da na ba ki rabin labari. Ga ɗaya rabin. Kotun nan ta Laifzig, a shekarar nan dai, ta yi wata shari'a. Wani jirgin marasa lafiya ne shi ma aka nutsar. Waɗanda suka tsira suka shiga ƙananan kwale-kwale, sai aka buɗe musu wuta. Aka gurfanar da ƙananan hafsoshi biyu. Kotu ta yarda umarnin kyaftin ɗinsu suka bi, amma ta ɗaure su shekara huɗu huɗu. Ta ce umarni yana rufe wanda bai san abin da aka sa shi laifi ne ba. Wanda ya sani, bai rufe shi. Harbin mutanen da ke neman tsira a kwale-kwale kuwa babu wanda bai san haramun ne ba. Abin da umarnin ya yi musu kawai shi ne rage nauyin hukunci.

Wannan na biyun shi ne wanda aka yi ta ara. A 1945 an kawo shi gaban kotun sojan Ingila a Hambug, a wata shari'a mai kama da shi. Dokar da ta kafa kotun Nurambag ma ta ce umarnin na sama ba ya wanke mutum, sai dai a sassauta masa. Alƙalanta suka ƙara da cewa abin dubawa shi ne ko mutumin yana da halin zaɓar ƙi. Na farkon da na ba ki, kusan ba mai ɗaukarsa sai don a nuna bambancinsa da na biyu.

Malamina yakan ce wanda ya ari hukunci ya bar dalilinsa ya ari tulu ba gindi. An saki kyaftin ɗin farko don kotu ta yarda bai san umarnin ɓatacce ne ba. Na rubuta miki haka, amma a layi ɗaya, ya kamata in ja masa layi a ƙasa.

Kaka Rabo bai kashe kowa ba, kuma alƙalin Illela ba ya ƙarƙashin ko ɗaya daga kotunan nan. Zai iya cewa ba ruwansa da teku. Amma in ya saurari labarin, zai nemi dalilin, kuma dalilin ba ya bayanmu. Shaidar Badaru tana tabbatar da abu biyu a numfashi ɗaya: an aiki Kaka Rabo, kuma ya san wake na gona. Ba a iya ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Ba zan ce ku ɓoye komai ba, ba zan kuma ce ga abin da za ku yi ba. Ina so dai ku shiga gaban alƙali kuna sane.

Saminu

Tungar Mato
31 ga Janairu, 1971

Zuwa ga Saminu mai tsadar tawada.

Muna lahiya. Mako uku ke nan ba amsa. Direban da ke ɗauko mana takardu daga gidan waya na Konni ya zo sau biyu hannu wofi. Ko ka yi sabuwar mata ne mai jin Faransanci, ko jarrabawa ta kayar da kai kana jin kunya. In mata ce ka gaya mata ni ce babba.

Shirunka na ɗauke shi a kan ka yarda. Rabo ya sa an wanke babbar rigarsa. Badaru yana maimaita shaidarsa har awaki sun haddace. Na ji Alkasum shi ma ya tsallaka Najeriya wajen dangin matarsa, wai ya samo nasa hukuncin aro. Kowa da maƙwabcinsa. Namu dai daga Jamus ya zo, kuma a rubuce.

Ragon Layya bana ƙarami ne, kasonka zai jira ka kan kwano, in ba ka zo ba mage ta gode.

Tsahara

Tungar Mato
15 ga Fabrairu, 1971

Zuwa ga Saminu.

Gaisuwa. Mun yi Layya lahiya, kowa na nan ƙalau. Shela ta bar gidanmu. Na fara da wannan don kada ka yi ta gudu cikin takarda kana nema.

Takardarka ta ashirin ga Janairu ta kwana sha tara a hanya. Ta iso ranar Litinin, saura kwana uku. Na karanta ni ɗaya, na zage ka, na zagi Jamus, sannan na kira Rabo ƙarƙashin iccen bedi na karanta mashi.

Ba ni yi maka ƙarya, ni na fara kawo dabara. Na ce, Rabo, Badaru ya kwana da zazzaɓi ranar Alhamis, wa zai ce wani abu? Ka ce an aike ka, ba ka bi ta fadama ba, ba ka san komi ba. Wagga takarda kuma ta shiga murhu.

Ya ce, "Yaya, in Badaru bai zo ba, wa zai ce an aike ni?"

Na ce bakinka.

Ya ce, "Bakina da bakin Takama. Wa za a ɗauka? Sai a ce Rabo ya tashi haka kawai ya kaɗa gangar Baba da ra'ayin kansa. Tun kakanmu ba wanda ya taɓa shelar da ba a ba shi ba. Gara a karɓe ta a san aikena anka yi."

Na ce to kai ka sani, taurin kai dai ba daga wajen uwarmu ka ɗauko shi ba.

Ranar Alhamis munka isa Illela da hantsi. Alƙalin yaro ne, bai fi ka da shekara biyar ba, dattawa biyu na gefensa. Alkasum ya fara. Ya faɗi asararsa ba ƙari, ni ma sai da na sunkuyar da kai. Sannan ya ce dangin matarsa sun shaida mashi an taɓa yin irin wannan a wani ƙauye can ƙasar Sakkwato, alƙali ya tuɓe mai shela ya kore shi daga gari.

Alƙali ya ce, "Don mi ya yanke haka? Aikensa anka yi ko shi ya sa kansa?"

Alkasum ya ce shi dai hukuncin ya ji.

"Wace shekara? Wa ya ga zaman?"

Alkasum ya ce surukinsa ne ya ji daga wani mai jaki.

Alƙali ya ce, "Ka kawo mani ƙarshen magana ba farkonta. Ban ce ba a yi ba, amma ban san abin da zan yi da shi ba."

Sai dattijon nan ya ce akwai tsohuwa da takarda daga Dakar. Na tashi na karanta ta farko, ban ƙara ko gishiri ba. Mutanenmu na ta gyaɗa kai. Alƙali ya ce, "Inna, jikan naki ya ce akwai sauran bayani. Ya aiko?"

Na yi niyyar cewa tana hanya. Kalmar ta zo har bakin haƙorina. Na waiwaya na ga Rabo na kallona da babbar rigarsa. Na kwance ɗaya bakin zanen na karanta ta biyu duka, har wurin tulu ba gindi. Wurin ne dattijo na biyu ya yi dariya, shi kaɗai.

Anka kira Badaru. Ya faɗi sau ukun nan yadda sunka faru. Takama ya ce mahauci ne, ƙarya sana'arsa ce. Dattijon ya ce mashi, to ai kai ke cin namansa kullum. Anka tambayi Takama ina shanunsa suke ranar, ya ce bai riƙe ba. Ardo na wurin, shi ya riƙe.

Sannan alƙali ya juyo ga Rabo. "Baba, ka ga waken?"

"Na gani."

"Da ka ƙi kaɗawa, za a kashe ka?"

"A'a."

"Za a ɗaure ka?"

"A'a."

"Mi za a yi maka?"

Rabo ya ce, "A karɓe ganga."

Ko Alkasum ƙasa yake kallo.

Alƙali ya ce Jamus ba ta yi mashi umarni, Sakkwato ma haka, al'adar ƙasar nan zai bi. Ya tambayi dattawan ko a al'ada mai shela na iya aje ganga. Sunka yi shawara sunka ce an yi, in ya ga ɓarna a fili yana iya aje ta gaban mai gari ya ce a ba wani. Alƙali ya ce to tambayar da ke cikin takarda ta biyu ita ce tambayar da al'ada ke yi, ya sani ko bai sani ba, kuma yana da halin ƙi ko babu, don haka ya ɗauke ta. Ya ce babban laifi na Takama ne, ramuwar gidaje tara a kansa take. Rabo ba ɗauri, ba ramuwa, don aikensa anka yi kuma ya yi gargaɗi har sau uku. Amma ya sa a rubuta cewa yana da nasa kason laifin.

Mai gari ya dawo da sanda ranar Asabar. Ya tuɓe Takama. Ya ce maganar da ya yi a Galmi ba ya haɗiye ta, ya ba Mahamudu na unguwar yamma shela. Jiya Rabo ya shafa ma gangar mai, ya ja tsirkiyarta, ya kai ta da kansa. Na ce a aiki wani, ya ce shi ya san inda take ciwo in an ɗauke ta ba daidai ba.

Tsahara

Dakar
3 ga Maris, 1971

Kaka,

Na karanta. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Da ban ba ki labarin farko ba, da ba ki je wajen dattijon ba, da alƙali bai nemi na biyu ba. Na yi ta juya wannan. Shekara uku ina karanta yadda manyan lauyoyi ke tsinto hukuncin da ya yi musu daɗi su bar ɗan'uwansa a aljihu, ina sukarsu a takarda, sai ga shi na yi wa gidanmu. Ki roƙa mini Kaka Rabo gafara. Ban iya rubuta masa kai tsaye ba tukuna.

Saminu

Tungar Mato
12 ga Disamba, 1971

Zuwa ga mijina Saminu, wanda ya ƙi zuwa da damina don kunya.

Gaisuwa mai yawa. Muna lahiya. Gero bana ya yi rabi, wake ya fi shi kirki. Na ji ka ci jarrabawar ƙarshe, uwarka ta raba goro har Malbaza. Na daɗe ban rubuto ba don ina jiran in sami abin faɗi da ya wuce mun gode Allah.

Saƙonka na kai tun watan Maris. Rabo ya ce a gaya ma yaron nan ba shi ya bi ta fadama ba, shi Rabo ya bi. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ni ma ban da ƙari. Ka daina ɗaukar kayan da ba naka ba, ka zo ka ɗauki naka, ga rufin ɗakina na yoyo.

Bana mai gari ya sa ranar sakin gonaki, ya kira Mahamudu. Mahamudu ya ce sai ya zagaya tukuna. Ya yi yini biyu a ƙafa, gona gona, ya tarar da biyu ba a kwashe ba. Ya zo ya aje ganga gaban mai gari a bainar jama'a ya ce, ranka ya daɗe, shari'ar Rabo. Mai gari ya ƙara kwana huɗu. Haka ake kiranta yanzu. Ba a cewa shari'ar Takama.

Makon jiya mutum biyu sunka zo daga wani ƙauye wajen Tsarnawa. Ɗan'uwansu an aike shi ya sare gawo a gonar wani, magana za ta je gaban alƙali a Konni. Sun ji an yi irinta a Illela, sun zo aro. Na ce su zauna, na shiga na tambayi Rabo, mai abin. Ya ce in rubuta musu duka, da tambayoyin da alƙali ya yi mashi da amsarsa, kada in rage kada in sa gishiri, kuma in tabbata na sa cewa sau uku ya faɗa ma Takama. Na sa. Na kuma gaya musu su tambayi ɗan'uwan nasu abin da ya sani kafin su yi murna. Ɗayan ya daina murmushi tun daga nan.

Ranar da anka saki gonaki Rabo na zaune bayan ɗaki yana tufka igiya. Ya aje ta ya saurara, tun daga masallaci har ganga ta kai unguwar yamma. Da ta yi shiru ya ce fatar ta saki, a gaya ma Mahamudu ya riƙa shanya ta a rana kafin ya fita. Ni na kai saƙon.

Matarka,
Tsahara